Tukwanen Tokar Iya Dija da Aka Fasa

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tsabtar Unguwarmu,
Potiskum.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da sauran ƴan kwamiti, ina neman afuwar fito da wannan magana fili. Sau biyu na je ƙofar gidanka aka ce ka fita, na bar saƙo wurin sakatarenku, har yau ban ji amsa ba. Kuma tunda a gaban jama'a aka kira sunan tsohuwar da zan yi magana a kanta, ya dace a gaban jama'a a ji ko ita wace ce.

Sunana Bukar, direba ne ni. Iyayena daga Borno suka zo, amma a nan aka haife ni. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da gidan Iya Dija, wadda samarin kwamitinku suka fasa wa tukwane biyar a Asabar ɗin ƙarshen watan jiya, suka shafa wa ƙofarta jan fenti. Ga abin da nake so ka sani, ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗaya: yadda na san abin da ke cikin tukwanen.

Damina biyu da suka wuce, matata Yagana ta shiga wanke banɗaki. Ta zuba bilic, ta ga tabon bai fita ba, sai ta ƙara da wani ruwan wanke masai da ta saya a hannun masu talla, a cikin tsohuwar gorar ruwa, babu ko rubutu a jiki. Ba ta san ba a haɗa su ba. Ni ma ban sani ba. Wani tururi ya taso ya shaƙe ta, da rarrafe ta fito tsakar gida. A ranar ina kudu da lodin shanu, sai a waya aka gaya mini tana asibiti. Allah ya tashe ta, amma ƙirjinta bai koma yadda yake ba. Likita ya ce duk wani abu mai ƙarfin wari a raba ta da shi. Ko garin sabulu aka kaɗa a kusa da ita, sai numfashinta ya fara fito.

Na ajiye tafiyar kudu, na koma jigilar kusa, Potiskum zuwa Damagum, wani lokaci Damaturu, don in riƙa kwana a gida. Yaranmu biyu ƙanana ne. Wanki da wanke-wanke da goge ɗaki duk suka dawo kaina, ni da ban taɓa wanke ko cokali ba tun da na yi aure. Ina wanki a ƙofar gida, nesa da ita, in shanya, in kawo zanen gado, ta kwanta a kai, ƙamshin sabulun ya tayar mata da tari. Na rasa yadda zan yi. Gida ya fara ƙazanta, ni kuma na fara jin haushin kowa.

Wata safiya ina tsugune ina fama da tukunyar da na ƙona, Iya Dija ta tsaya a kaina. Tsohuwa ce ƴar ƙabilar Ngizim, ƴar siririya, mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta ɗaya yana zaune a wajen Damagum. Shekara da shekaru gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ta dubi tukunyar, ta dubi hannuna, ta ce, "Bukar, kana wahalar da tukunya, kana wahalar da kanka. Ɗauko ta ka biyo ni."

Ranka ya daɗe, na yi yawo a ƙasar nan iya gwargwado, na ga manyan masana'antu ta gilashin mota, amma ban taɓa tsayawa baki buɗe ba kamar yadda na tsaya a bayan ɗakin tsohuwar nan.

Tukwane ne na ƙasa a jere a kan duwatsu, kowace da faifai a rufe da dutse a bisa. Biyu na sama an huda musu gindi da ƙananan ramuka, an shimfiɗa ciyawa da yashi a ciki, sannan aka cika da toka. Ba tokar murhu ba ce. Bayan girbi take zuwa gonakin Yindiski ta roƙi karan gero da karan riɗi, ta share wuri fes, ta ƙone su su kaɗai har sai tokar ta yi fari. Idan ta zuba ruwa a sama, sai ya riƙa ɗiga a tukunyar ƙasa, ɗis, ɗis, launinsa kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Ɗigar farko dabam take ajiye ta, ta biyu dabam, ta uku dabam. Ba ta da ma'auni. Gashin kaza take tsomawa ta duba yadda ya yi laushi, ko ta taɓa kaɗan ta murza a yatsa ta wanke nan take, ta ce wannan na masai ne da maiƙo, wannan na tufafi, wannan na kwanuka.

Ta zuba ɗigar farko a tukunyata, ta ƙara ruwa, ta ɗora a wuta ta ɗan tafasa. Da ta sauke ya huce, ta ba ni soso da ɗan yashi. Baƙin da na kwashe safiya ina kankara ya riƙa saluɓewa kamar ɓawon dafaffen dankali. Na kai hancina, babu wari. Na tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce uwarta, ita ma daga tata uwar. Babbar tukunyar da ke tsakiya ma ta uwar ce, da ita aka kawo Iya ɗakin miji.

Daga ranar na zama ɗalibinta. Da wannan ruwan tokar take dafa kitsen da mahauta ke ba ta, ta yi ta juyawa da muciya har ya zama sabulu mai laushi, baƙi-baƙi. Da shi na wanke wandon aikina da baƙin mai ya ci. Ta nuna mini ɓawon aduwa: a daka, a kaɗa a ruwa, sai ga kumfa. Ni da na girma ina tsotsar aduwa, ban san itacen yana wanki ba. Da shi nake wanke zannuwan Yagana da kayan shimfiɗarta, kuma tun daga lokacin take barci a kansu babu tari. Ganyen darbejiya take busarwa ta sa a ƙasan akwati da bayan buhu saboda ƙwari. Lemon tsami na ƙarnin kifi da nama.

Da rijiyarmu ta gurɓace a tsakiyar damina, ruwan ya koma ja, ta daka ƴaƴan zogale kaɗan ta zuba a bokiti, ta juya, ta ce mu zauna. Muka zauna muna hira. Ina kallo da idona lakar ta riƙa haɗuwa tana sauka ƙasa, har na hango gindin bokitin. Sai na kama tasbihi. Wannan bishiyar tana tsakar gidana tun ina yaro, ganyenta kawai na sani a kwaɗo.

Abu ɗaya ne ya fi tsaya mini a rai. Yagana tana da wani faranti na tagulla da ta gada daga kakarta, ya yi baƙi ƙirin da kore-kore, mun jefa shi ƙarƙashin gado. Iya ta ce a fito da shi. Ta jiƙa tsamiya, ta sa gishiri, ta shafe shi ta bari ya ɗan jima, sannan ta fara gogewa da tsumma a hankali. Sai ga ja ya fara leƙowa. Sai ga zane. Ashe farantin nan gaba ɗaya sassaƙe yake da furanni da layuka masu zagaye, aikin hannun wani maƙeri da ba mu san sunansa ba. Yagana ta karɓa ta ɗora a cinya, ta daɗe tana bin zanen da yatsa. Ta ce rabonta da ganinsa tun tana ƴar ƙarama, kakarta tana zuba dabino a ciki. Tsamiyar da muke kunu da ita ce ta dawo mata da wannan.

Ko ruwan da aka gama wanki da shi ba ya fita waje. Mai ƙarfin tana da ramin da take zuba shi, ta ce yana ƙona saiwa. Ruwan ɗauraya kuma ta haƙa masa ƴar hanya zuwa gindin gwanda da ayaba da yakuwa. Ka zaga unguwar nan, ranka ya daɗe, ka nuna mini gida nawa ne ba su da kwata mai wari a ƙofa. Gidan Iya ba shi da ita, domin babu abin da ke fita.

Kada a ce ina zuzuta ta ne kawai. Ita da kanta ta san iyakar kayanta. Ta ce ruwan da zogale ya tace ya yi kyau a ido, amma na sha sai an tafasa. Ta ce idan amai da gudawa ya shigo gari, a ajiye toka a yi amfani da maganin da ma'aikatan lafiya ke bayarwa, yadda suka ce a auna. Ta gargaɗe ni cewa ɗigar farko tana cin fata, kada ta shiga ido, kada a zuba ta a tukunyar dalma a bari ta kwana, kada yaro ya kai gare ta. Shi ya sa kullum tukwanenta a rufe suke.

Na biyu: abin da ya faru ranar Asabar.

Ina hanyar dawowa daga Damagum. Yagana ce ta gani ta ƙofa, da maƙwabta uku da suka yarda a kira su shaida. Samari shida suka shigo sanye da rigunan kwamiti, ɗaya riƙe da littafi. Sun yi sallama, wannan ban hana musu ba. Suka duba tsakar gida ba su ga abin kamawa ba, suka zaga baya suka ga tukwane. Mai littafin ya ce ruwa ne a kwance, gidan sauro. Iya ta ce musu, "Ƴaƴana, ku buɗe ku duba." Ba wanda ya buɗe. Wani ya hango gashin kaza a gefen faifai, ya ce wannan ai kayan tsubbu ne. Suka yi dariya. Aka ɗaga shebur.

Babbar tukunyar suka fara fasawa. Ita ce ke ɗauke da ɗigar farko, ruwan ya fallatsa a ƙafar wanda ya buga, silifas ne a ƙafarsa. Ranka ya daɗe, a nan ne nake so ka ɗan dakata. Tsohuwar da aka fasa wa tukunyar uwarta a gabanta ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Buta ta ɗauka da sauri, ta durƙusa a gaban yaron tana kwarara masa ruwa a ƙafa, tana cewa, "Cire takalmin, cire, zai cinye ka." Ta ƙarar da buta ta sake cikowa. Tana durƙushe tana wanke masa ƙafa, abokansa suna fasa sauran huɗun a bayanta.

Da Yagana ta ba ni labari, na kasa cin abinci. Na sha jin wa'azi a kan haƙuri, amma ban taɓa zaton a bayan katangata yake zaune ba.

Suka shafa jan fenti a ƙofarta. Washegari bayan sallar la'asar, a ƙofar masallaci, aka karanta sunayen gidajen da suka fi ƙazanta a unguwa. Gidan Iya Dija ne na biyu. Ina cikin sahu na ji da kunnena.

Na uku: maganar sauro.

Ba na musun cewa ruwan da ke kwance yana haifar da sauro, kuma ba na musun cewa aikinku yana da amfani. Tun da kuka fara, an kwashe bolar bakin makaranta, an buɗe magudanar da ta shekara a toshe. Allah ya saka muku. Amma ni shekara biyu ina buɗe tukwanen nan kusan kullum, ban taɓa ganin ko tsutsa ɗaya tana motsi a ciki ba. Ruwan da ke narkar da gashin kaza ba wurin zaman ɗan sauro ba ne, ga shi kuma a rufe. Ɗaga faifai ɗaya ya isa ya raba gardama. A bayan shagon faci na bakin titi akwai tsofaffin tayoyi cike da ruwan sama, ko yanzu ka je za ka ga abin da ke iyo a ciki. Ba a shafa wa shagon fenti ba.

Na huɗu: gorunan da kuka raba.

A wannan Asabar ɗin, bayan an gama zagaye, kwamiti ya raba wa gidaje ruwan wanke banɗaki kyauta. Na san da kyakkyawar niyya aka yi. Amma a tsofaffin gorunan ruwan sha aka zuba shi, kore shar, babu suna, babu bayanin abin da ke ciki, babu gargaɗin kada a haɗa shi da wani abu. Irin wannan gorar ce ta kwantar da matata. An miƙa mata ɗaya a hannu. Ba ta ma buɗe ba, warin da ke bakin murfin ya sa ta wuni da maganin shaƙar da likita ya ba ta a hannu. A gidaje nawa aka ajiye gorar nan a ƙasa, inda yaro mai rarrafe zai ɗauka ya zaci lemo ne? Wa ya haɗa shi, da me aka haɗa? Na tambayi biyu daga cikin samarinku, ba su sani ba. Iya Dija kuwa za ta gaya maka daga gonar da karanta ya fito.

Na biyar: inda maganar take yanzu.

Iya ta share ɓaraguzan da kanta, ta hana a taya ta. Tun daga ranar ba ta sake tace toka ba. Ba ta zuwa suna, ba ta zuwa gaisuwa, ta ce kunya take ji mata su gan ta. Matar da idan ka shiga ɗakinta sai ka duba ƙafarka kafin ka taka. Ɗanta ya zo ya ga fentin, ya ce zai dawo da mota bayan girbi ya ɗauke ta, kuma ba ta ce a'a ba.

Mata huɗu na layinmu, waɗanda take ba sabulu ba ta taɓa karɓar komai ba, kowace ta kawo sabuwar tukunya ta ajiye mata a zaure. Suna nan a kife, ba ta taɓa su ba. Ni kuma na huda tawa na gwada a gida. Ruwan ya fito, amma sabulun ya ƙi kamawa, ya rabu, mai a sama ruwa a ƙasa. Shekara biyu ina kallo, ashe rabin abin yana cikin yatsunta ne. Sabulun da ya rage mana bai fi na mako uku ba. Idan ya ƙare, ban san da me zan wanke shimfiɗar Yagana ba. Idan kuma Iya ta tafi, ban san wani a unguwar nan da ya iya wannan aiki daga farko har ƙarshe ba. Jikokinta suna makaranta a wani gari, ba su koya ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo.

A goge jan fentin, kuma waɗanda suka shafa su goge. A koma ƙofar masallacin nan, a lokacin da aka kira sunanta, a gaya wa jama'a kuskure aka yi. A karɓe gorunan da aka raba har sai an san abin da ke ciki an rubuta a jiki. A gaya wa samari duk abin da ba su gane ba su tambaya kafin su ɗaga shebur. Ba na neman a kori kowa, yara ne, an tura su ne ba a koya musu ba. Sannan idan Allah ya sa ta huce, kwamiti ya nemi wuri da rana, mata da maza masu so su zauna ta koya musu, a samu mai rubutu ya rubuta, a gayyato ma'aikacin lafiya ya faɗi inda toka ta isa da inda ba ta isa ba. Tukunyar uwarta kam babu mai iya biya, ban ma sa ta cikin roƙon ba.

Kafin in fitar da wasiƙar nan na karanta mata ita, don ban ga ya dace in yi magana da sunanta ba ta sani ba. Ta saurara har ƙarshe tana tsinke zogale. Wuri biyu ta ce in cire. Na farko inda na yi wa samarin kalma mai zafi, na cire. Na biyu inda na ba da labarin hidimar da ta yi a gidanku shekarar da Hajiya mahaifiyarka ta yi doguwar jinya, Allah ya jiƙanta. Ta ce ba don a faɗa ta yi ba. Na cire bayanin, amma yayarka ta san wadda ta riƙa zuwa da safe tana ɗaukar kayan shimfiɗa.

Na tambaye ta ko akwai abin da take so in ƙara. Sai ta tambaye ni ko ƙafar yaron nan ta warke. Na ce ban sani ba. Ta ce, "To ka rubuta a duba masa. In kuma Alhaji shugaban kwamiti zai zo, ya zo da hantsi, lokacin na gama shara."

Na rubuta kamar yadda ta ce. Gero ya fara nuna, ranka ya daɗe, girbi ya kusa.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya ba ka ikon yin adalci a wannan ɗawainiya da jama'a suka ɗora maka, ya shirya mana samarinmu, ya tsabtace mana unguwa da zukata. Allah ya sa ka karɓi wannan magana da zuciyar da aka rubuta ta.

Wassalam.

Naka,
Bukar Direba,
maƙwabcin Iya Dija.